Kwanon Kafue

Esnart Chibuye shekararta sittin da takwas. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse neman na kansu, ita kuma ta yi ritaya daga ɗakin girkin wata makarantar kwana a Kabwe, inda ta ƙarar da ƙuruciyarta tana tuƙa wa ɗaruruwan ɗalibai tuwon masara. A unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa da take zaune, Bana Kunda ake kiranta, wato uwar Kunda. Gidan ɗaki biyu ne da bishiyar mangwaro, sai kare guda, Danja, wanda ba a taɓa jin ya tsorata kowa ba.

Tun Danja yana kwikwiyo take dafa masa abinci da hannunta. Takan je wurin mahauci ta sayo dusar zarto, abin nan ja-ja da ke taruwa ƙarƙashin injin yanka ƙashi, ɓargo ne da kitse da ɓurɓushin nama. A Kabwe duk wanda ya zo sayenta sai ya ce ta kare ce, mahaucin kuma ya auna ya ƙulle ba ya ɗaga kai. Da a layin mahauta ake ƙidayar karnukan garin, da sun fi mutane yawa.

Katanga ɗaya ta raba ta da Ba Simukonda, wato Malam Simukonda a harshen garin, tsohon mai duba tikiti a jirgin ƙasa, wanda har yau ba ya leƙa ƙofar gida sai da kwat da takalmi mai sheƙi. Karnukan da ya yi a rayuwarsa duk sunayen tashoshi ya sa musu, na ƙarshensu shi ne Kafue. Da matarsa ta rasu, hayaƙi ya daina tashi a gidansa. Bai iya girki ba, abin girkawar ma ba wani mai yawa ba ne. Bayan an watse daga makoki Bana Kunda ta aika masa da tuwo a rufe, ya dawo mata da shi da kansa, ko murfin bai ɗaga ba.

"Na gode, Bana Kunda, amma ba a asibiti nake kwance ba."

Ta bar shi ya huce, sannan wata la'asar ta leƙa ta kan katanga.

"Ba Simukonda, tukunyar Danja ta yi masa yawa, kullum zubarwa nake yi. Ku miƙo kwanon Kafue mana."

"To, in dai zubarwa za ki yi," in ji shi.

Kafue ya mutu da daminar bara waccan, tsufa ne ya ɗauke shi. Ba Simukonda ya binne shi gindin gwaiba, duk layin kuma an sani. Washegari da la'asar sai ga kwanon ya ɓullo ta kan katanga kamar kullum. Bana Kunda ta karɓa ta cika.

"Ya jikin Kafue?"

"Da sauƙi. Fitowa ce dai ba ya son yi."

Tun da ya mutu Kafue ya zama mai tsirfa. Yana son albasa da tumatir. Haƙoransa sun zube, don haka sai an tace dusar an fid da ƙananan ƙasusuwa. Ran Lahadi yakan so ganyen kabewa da garin gyaɗa. Wani lokaci Ba Simukonda yakan dawo da kwanon a wanke tas ya ce, "Jiya Kafue ya sha ruwa da yawa, ina jin gishirin ya ɗan zarce." Ita kuma ta ce a ba shi haƙuri. Da aka gano yana son barkono, sai aka fara sakawa. Danja, wanda yake da rai kuma da sunansa ake ɗora tukunyar, shi ya kwashi wahalar: cikinsa ya lalace, gashinsa ya fara zuba, ya wuni yana susa a gindin mangwaro.

A watan Agusta Kunda ta zo hutu daga Lusaka, inda take aiki a kantin magani. Tana ganin Danja ta ajiye jaka ta ɗaga murfin tukunya.

"Mama, wannan miyar biki ce ko abincin kare? Har da barkono?"

"Yana so."

"Shi ya gaya muku? Ku dube shi fa, kamar tsohuwar tabarma."

Ta sa shi a mota ta kai shi wurin likitan dabbobi. Likita ya hana gishiri, ya hana albasa, barkono kuwa dariya kawai ya yi. Kunda ta dawo da manyan buhuna biyu na abincin kare na kanti, busassun ƙwayoyi masu kama da kashin awaki.

"Ba zai ci ba," in ji Bana Kunda. "Karen da ya tashi da abinci mai zafi ba zai ci tsakuwa ba."

Aka zuba. Danja ya cinye, ya lashe kwanon, ya bi shi da hanci har bakin ƙofa, sannan ya je ya kwanta jikin buhun. Bana Kunda ta dube shi irin duban da ake yi wa ɗan da ya ba da kunya gaban baƙi.

Kunda yarinya ce mai kirki, kirkin nata kuma shi ya jawo matsalar. Da kwanon ya ɓullo ta kan katanga, ita ta karɓa.

"Baba, ina wuni? Har yanzu Kafue yana nan? Lallai ya yi ƙarko."

"Yana nan, 'yata, yana gaishe ki."

Ta kinkimi buhu na biyu ta kai masa har ƙofar ɗaki. Ta yi masa bayanin yadda ake aunawa, ta ce daga yau Mama ta huta da hayaƙi. Ba Simukonda ya tafa hannu sau biyu kamar yadda ake godiya, ya ce Allah ya yi albarka. Tukunyar kuma Kunda ta wanke ta ta kife a saman kabad.

Bana Kunda ta so ta gaya mata gaskiya, ta fasa. Ta san 'yarta. Da ta ji, da ta tafi masa da buhun gari da idanu cike da tausayi, shi kuma da ya dawo da garin, ya rufe ƙofarsa gaba ɗaya. Daga ranar kwanon ya daina zuwa. Wata la'asar tana shara kusa da katanga ta ji ana buɗe buhu a can ɗakin dattijon. Sannan ta ji tari mai tsawo, da ƙarar ɗibar ruwa.

Ranar da Kunda ta koma, ƙurar motarta ba ta kwanta ba Bana Kunda ta sauko da tukunya ta hura gawayi. Sannan ta je katanga.

"Ba Simukonda, roƙo na zo. Danja ya zama ɗan birni, ko kallon tuwo ba ya yi, buhunsa kuma ba zai kai ko'ina ba. Kafue yana cin nasa kuwa?"

Dattijon ya gyara wuyan kwat. Ya rame a 'yan kwanakin nan.

"Ya gwada. Bai karɓe shi ba. Kin san kare ne na zamanin da."

"To ku taimake ni. Kullum ku auno wa Danja gwangwani ɗaya daga buhunku, ni kuma in riƙa dafa wa Kafue, don kada in ci hakkinsa."

Ya daɗe yana tunani, kamar wanda aka kawo wa tikitin da yake shakka.

"Zan taimaka miki," ya ce. "Maƙwabtaka ta wuce haka."

Yanzu kwanon yana zuwa da ƙwayoyi a ciki, ya koma da tuwo da miya. Ba Simukonda yakan tsaya ya ga an juye, wani lokaci har ya ja mata kunne kada ta shagwaɓa Danja. Gashin Danja ya fara dawowa.

Jiya Bana Kunda ta kira Kunda a waya ta ce Kafue ya ji daɗin abincin ƙwarai, a riƙa aiko masa da buhunsa daban. Kunda ta yi murna, ta ce in ta zo Kirsimeti za ta kwashi karnukan biyu ta kai su allura. Bana Kunda ta ce to.

Yau da safe ta ɗaura zane ta shiga kasuwa, tana cigiyar ko akwai mai tsohon kare ja, marar haƙora, wanda yake son rabuwa da shi.