Labulen Shagon Habu

Shekara bakwai ke nan da Allah Ya karɓi ran ƙanena Habu, wanda mutanenmu na nan New York suka sani da Habu Mai Tsoffin Kaya. Ya rasu a sanyin da ya biyo bayan guguwar nan da ta cika ramukan jirgin ƙasa da ruwa. Ni ban yi boko ba, baki kawai gare ni. 'Yata Zainabu ce ke zaune gabana tana rubutawa, na kuwa gargaɗe ta kada ta gyara mini magana. Abin da ya sa na roƙi fili a jarida sunansa ne. Habu ya shiga kabari da zargin bokanci a wuyansa. A kunnen jama'a aka ɗora masa, a kunnen jama'a nake son a ƙarasa saukewa.

Shagon yana unguwar Jamaica, cikin wani lungu bayan tashar jirgi, tsakanin mai wankin kaya da mai gyaran takalmi. Wanda bai sani ba wucewa zai yi. Ƙofa ce 'yar ƙarama, da ƙararrawa a samanta. In ka shiga kuwa sai ka tattare zanenka, don ba inda za ka juya ba ka taɓa wani abu ba. Ga agogunan bango, kowane da lokacin da yake faɗa. Ga garmaho mai bakin ƙaho. Ga takobin Buzaye, ga ƙwaryar da aka ɗinke da zare, ga madubin da ya yi dishi-dishi har ba ka gane kanka. Ga dutsen guga na gawayi irin wanda na baro a Maraɗi, ashe ya riga ni zuwa Amurka. A kan kanta akwai kwano cike da makullai waɗanda ba wanda ya san ƙofofinsu. Har yau nakan tambayi kaina, ƙofofin nan suna nan a kulle, ko an ɓalla su?

Wasu kayan daga gida ake kawo masa. Amma yawanci in tsoho ko tsohuwa ta mutu a garin nan, 'ya'ya suka rasa yadda za su yi da tarkace, Habu ne ke zuwa ya kwaso. Tun daga nan aka fara yi masa wani irin kallo, wai mutum mai yini cikin kayan matattu.

Sai kuma ga maganar labule. Kowace Asabar bayan azahar, rana tana tsaka, Habu zai kulle shago ya sauke wani baƙin labule mai kauri. Sai a ga mutane suna shiga ɗaya bayan ɗaya, ba namu ba, baƙi da fari, mace da namiji. Alhaji Issaka, direban tasi, mutumin Kumasi, shi ne ya leƙa ta gefen labulen wata rana. Ya ga fitilar ƙwai a kunne da rana tsaka. Ya ga mutane kewaye da tebur, da 'yan ƙananan gumaka a gabansu, ana jefa wasu duwatsu masu fuska da yawa. Ya ga Habu ido a rufe yana magana da muryar da ba tasa ba. To, ku masu karatu, in ku ne me za ku ce? Ni ban taɓa cewa Alhaji ƙarya ya yi ba. Abin da ya gani, ya gani.

Ana nan, ana nan, aka daina kiran Habu suna da ɗaurin aure. A masallaci sai ya tsaya a sahu ya ga an bar masa fili hagu da dama. Da azumi ya kai abincin buɗa-baki, ya dawo da kwanonsa a cike. Ni ina can nesa a unguwar Park Hill wajen Zainabu ina renon jikoki, ban san ana yi ba, sai ranar wani biki da wata mata ta ja ni gefe. Ta ce don Allah in yi mata hanya wajen ƙanena ya duba wa ɗanta ko takardunsa za su fito. Ban ci abincin bikin nan ba.

Asabar na zagayowa na ce wa Zainabu ta kai ni. Muka hau bas, muka hau jirgin ruwa, muka shiga na ƙarƙashin ƙasa, ta ajiye ni bakin lungun ta wuce aiki. Na tarar da labule a sauke. Na buga. Da ya buɗe ya gan ni sai ya ce, "Yaya, lafiya?"

Na ce, "Ita na zo nema. Matsa."

Na samu wani akwatin ƙarfe na zauna, carbi a hannu, ina karanta abin da na sani a zuci. Baƙin suka gaishe ni da ladabi. Babbansu wani dogo ne mai suna Kebin, mai lodin akwatuna a filin jirgin sama. Akwai kuma wata ma'aikaciyar jinya, da wasu. Na duba tebur ko zan ga abin caca, ban ga komai ba sai gyaɗa da lemo.

Habu ya dube ni kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Sannan ya zaga shagon a hankali, ya ɗauko dutsen gugar nan ya ajiye tsakiyar tebur. Ya rufe ido ya ce, "Gatanan gatananku."

Suka haɗa baki da karkataccen harshensu suka ce, "Ta zo mu ji ta."

Carbi ya tsaya a hannuna. Muryar da Alhaji Issaka ya ce ba ta Habu ba ce, gaskiyarsa, ba tasa ba ce. Ta Innarmu ce, yadda take shaƙe hanci in ta zo wurin tsohuwa a tatsuniya, muna kwance kan tabarma a tsakar gida.

Habu ya faro, Kebin ya karɓa da Turanci, Habu kuma ya dawo kusa da ni yana raɗa mini fassara. Ashe wasa ne. Labarin wani shago suke yi irin nasa, sai dai na cikin labarin ba ya zama wuri ɗaya, yau a wannan lungu, gobe a wancan. Mai shagon ba ya sayarwa, miƙa maka abu yake yi, abin kuma ya ja ka zuwa inda ya fito. Dutsen gugar ranar nan na mai wankin sarkin aljanu ne. Kowane cikin mazauna teburin mutum ne a cikin labarin, wannan ɓarawo, wannan mai magani, wannan mayaƙi, 'yan gumakan nan kuwa alamar inda kowa ya tsaya ce. In mutum ya ce zai haura katanga, sai ya jefa dutse irin na lido. Lamba babba ta fito, ya haura. Ƙarama ta fito, ya karya ƙafa, a yi ta yi masa dariya.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ba wanda ya san ƙarshen labarin, har Habu, har Kebin. A wurinmu mai tatsuniya ke riƙe da ƙarshe, mai sauraro nasa ji ne. Nan kuwa na ga ma'aikaciyar jinya tana gardama da sarkin aljanu. Da suka iske wata tsohuwa a bakin rafi suna shirin wuce ta, ban san sanda na taɓa Habu na ce ya gaya musu su gaishe ta tukuna ba, don wanda ya wuce tsohuwa a tatsuniya bai gaishe ta ba, ba ya ƙarewa lafiya. Suka gaishe ta, ta nuna musu mashigi. Kebin ya miƙe ya rusuna mini.

Da suka watse na tsare Habu. Na ce na ga wasa, na ji tatsuniya, amma labulen fa, da fitila da rana tsaka? Ya ce mutanen nan ma'aikatan dare ne, ba su da sarari sai Asabar da rana. Sannan ya ce, "Kin manta abin da Inna ke gaya mana? Wanda ya yi tatsuniya da rana ɓacewa yake yi. Garin nan jirgi a ƙarƙashin ƙasa yake tafiya, Yaya. 'Ya'yan mutane ne. In ɗaya ya ɓace me zan ce wa uwarsa? Shi ya sa nake yi musu dare."

Na ce, "Kai da furfurarka ka yarda da wannan?"

Ya ce, "Ban yarda ba. Amma ban gwada ba."

Na tambaye shi me ya hana ya fito ya gaya wa jama'a, a huta. Nan ya sunkuyar da kai. Ya ce in an ce Habu boka ne za a guje shi, amma da shakka. In kuwa aka ce Habu da gemunsa yana zaune yana gatanan kamar tsohuwa, ina zai sa fuskarsa a masallaci? Na yi masa faɗa sosai, na ce wancan zargin imani yake taɓawa, wannan kuwa dariya ce kawai. Ya ce Allah Ya san abin da ke bayan labule. Bai bar ni na fita ba sai da na yi masa alkawarin ba zan faɗa ba muddin yana raye.

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi, bai daɗe ba. An yi masa salla, don wannan hakki ne, amma zaman makoki ba a cika ba. Su Kebin ne suka zo har Park Hill, suka cire takalmi a bakin ƙofa, suka zauna a ƙasa, suka miƙo mini fitilar ƙwan nan naɗe cikin tawul. Alkawari ya ƙare, sai na buɗe baki gaban mazan masallaci da suka zo na faɗi duk abin da na gani. Alhaji Issaka ya ce, cikin girmamawa, dole in kare shi tunda ƙanena ne, shi dai abin da idonsa ya gani ya faɗa. Aka shafa fatiha aka tashi, zargi yana nan inda yake.

Yau shagon ya zama wurin sayar da waya. Bara Zainabu ta bi da ni ta lungun, na ga farin haske ko'ina, ba kusurwar da inuwa za ta ɓuya. Mai gyaran takalmin ma ya tashi. Amma ga abin mamaki. Jikata Ramatu, wadda in na yi mata Hausa take ba ni amsa da Turanci, ta nuna mini a wayarta cewa Kebin ya zuba wasan shagon nan a intanet, duk mai so ya ɗauka ya yi wasansa a ciki. Har an zana mai shagon da rawani da ido ɗaya na zinariya, shi da ba ya rabuwa da hular sanyi da tsohon kwat. Ta ce a garuruwan da Habu bai taɓa takawa ba ana shiga shagonsa. Kuma ƙa'idar farko ita ce a sauke labule, a kunna fitila, a faɗi kalmomin nan. Ba su san dalili ba. Nakan zauna ina tunani, da zai ɗago ya gani, dariya zai yi ko rufe fuska? Mutumin da ya ɓoye tatsuniyarsa ga maƙwabcinsa, ga ta tana yawo gidajen da bai sani ba. Kuma ina son in san ko a can ma suna gaida tsohuwar bakin rafi.

Bayan babbar sallar da ta wuce aka buga mana ƙofa. Alhaji Issaka ne, yanzu da sanda yake tafiya. Muka gaisa, aka kawo ruwa, ya daɗe yana juya kofi. Ya ce jikarsa da ke jami'a ta tara ƙawayenta a falonsa, suka sauke labule da rana, ya ji da kunnensa tana cewa ta zo mu ji ta, yarinyar da ko sannu ba ta iya mayar masa da Hausa ba. Ya ɗauka asirin Habu ne ya biyo shi har gida. Da ya tayar da hankali sai ta zaunar da shi, ta ba shi dutse, ta mai da shi madugun raƙuma. Ya ce kafin la'asar ya faɗa rijiya, ya fito, ya sake faɗawa.

Ya ce, "Hajiya, abin da Habu ke yi ke nan?"

Na ce, "Shi ke nan."

Ya ce, "To, me ya hana shi faɗa?"

Na ce, "Kunyarku."

Ya nemi in yafe masa. Na ce ba ni ya yi wa ba, amma inda ya ɗaura nan zai koma ya kwance. Juma'ar da ta biyo baya ya miƙe bayan salla, ya dogara da sandarsa, ya ba da labari tun daga leƙen labule har rijiya. Mijin Zainabu ya ce mini masallaci ya ɗauki dariya, manya suna share hawaye. Dariyar da Habu ya yi ta gudu ke nan har ya mutu. Ta zo, ba ta ci kowa ba. Da ta lafa liman ya ɗaga hannu, aka yi wa ƙanena addu'ar da ba a cika masa ba ranar makoki.

Sai dai ba kowa ke masallacin ranar ba. Wasu sun koma gida, wasu sun bazu wasu jihohi da tsohon zance a bakinsu. Su nake nema da wannan rubutu. Duk wanda ya taɓa matsawa daga gefen Habu a sahu, ban riƙe shi ba, ya yi masa addu'a kawai.

Habu bai bar ɗa ba, bai bar gida ba, kayan shagon ma an watsa su. Abin da ya bari muryar Innarmu ce a bakin mutanen da ba su san sunanta ba, sai fitilar ƙwai da ke kan durowata. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya haɗa shi da Inna.

Yanzu wasu Asabar ɗin Ramatu kan tara ƙawayenta a falonmu. Kafin su zauna, ni nake tashi da ciwon gwiwata in sauke musu labule. Ni ma ban yarda ba. Amma 'ya'yan mutane ne, kuma da jirgin ƙarƙashin ƙasa za su koma gida.