Ajiyar Zinariya

A Dabawa in aka ce "a kira Inna," ba mai tambayar wace Inna. Zinariya ake nufi, ungozomar garin, yayar kakarmu ta wajen uwa. Sunanta na yanka Rahmatu, amma ko ita sai ta ɗan yi jim kafin ta amsa shi. A Kuki aka haife ta, gidan wasu Barebari da suka daɗe da zama har bakinsu ya koma Hausa, ba abin da ya rage musu na Barno sai tsagen fuska da tsokanar Fulani. Aure ne ya kawo ta Dabawa. Ta sha haihuwa, biyu kawai suka tsaya mata. Da mijinta ya rasu ba ta sake aure ba, sai ta riƙa bin gwaggon mijin, tsohuwar ungozoma, tana riƙe mata ƙwarya da tsumma, har ƙarfin tsohuwar ya ƙare aikin ya dawo hannunta.

Doguwa ce, mai faɗin tafi, mai dariya da dukan jiki. Ba ta taɓa mai naƙuda sai ta ɗumama hannu a murhu, wai tarbar baƙo da hannu mai sanyi rashin kirki ne. Baƙi take ce wa jarirai. Da yaro ya faɗo za ka ji ta ce, "Sannu da zuwa, baƙo, ya hanya?" kamar wanda ya sauko daga mota.

Ana saura 'yan shekaru a sami mulkin kai ta saba da Malam Lado, malamin ɗakin shan magani a Dutsin-Ma. Ranar kasuwa in ta gama sayen kanwa da barkono takan biya su gaisa. Shi ya nuna mata ta riƙa tafasa reza da zare kafin yankan cibi, ita kuma ta koya masa gane kwanciyar ɗa da tafin hannu. Wata rana ya ba ta labarin manyan asibitoci, inda ake sa bakwaini, wato ɗan wata bakwai, a cikin kwalba mai ɗumi har ya yi ƙwari. Ya ce, "Inna, yawancinsu ba ciwo ke ɗauke su ba. Sanyi ne da yunwa." Ta riƙe maganar nan, don ta binne bakwaini da yawa, kuma duk da sanyin ƙafa suke farawa.

A daminar da ta biyo bayan mulkin kai, ana tsakiyar marka, wani Bafillace mai suna Jibo ya yi sallama ƙofar gidanta da hantsi, jikinsa sharkaf. Daga rugar bayan gari yake. Ya durƙusa yana kallon ƙasa.

"Dada na kira," in ji shi, uwarsa yake nufi.

"Mi ya sami Dada?"

"Ba ita ba ce. Yarinyar nan ce."

"Wace yarinya? Rugarku yarinya ɗaya ce?"

Jibo ya ƙara sunkuyar da kai. Ta san ko za a yanka shi ba zai ce matarsa ke naƙuda ba, sai ta ɗauki ƙunshinta ta bi shi tana mita a kan Fulani da kunyarsu.

Matar tasa Huseina ce, cikin fari, wata bakwai. An shirya wata mai kamawa za a kai ta gidan iyayenta a Ɗantutture ta haihu can kamar yadda aka saba, sai naƙuda ta riga shiri. Rafi kuwa ya kawo, ba hanyar Ɗantutture, balle a yi zancen asibiti. Zinariya ta same ta durƙushe a bukka, ta cije gefen zane, ko nishi ba ta yarda ya fita ba. Kafin azahar ɗiya mace ta faɗo, 'yar mitsitsiya, tafin Zinariya biyu sun rufe ta. Ba ta yi kuka ba. Zinariya ta share mata baki, ta yi ta murza bayanta da yatsa biyu tana cewa, "Haba baƙuwa, ko gaisuwa babu?" Can sai aka ji wani ɗan siririn kuka kamar na 'yar kyanwa.

Dada, uwar Jibo, ta miƙo ruwan wanka. Zinariya ta ce wanka ba ya gudu. Ta goge jaririyar, ta rufa mata auduga a ka da baya, ta kwance zanenta ta manna ta a ƙirji, fata da fata, ta ɗaure.

Huseina kuwa ta juya fuska ga bangon bukka. Ba ƙiyayya ba ce. Ɗan fari a wurinsu ba a kallonsa a gaban mutane, ba a faɗin sunansa, ba a rungumarsa. Da a gidan iyayenta ne da da sauƙi, uwa za ta kau da kai. Nan kuwa rugar surukai ce, kowace mace da ta leƙo ko gwaggon miji ce ko yayarsa. Sai an watse take tatsa nono a ludayi, bayanta a juye, ta turo. Zinariya ta tsoma auduga tana ɗiga wa jaririyar a baki, don ba ta da ƙarfin tsotso. Ta lura nonon kullum raguwa yake. Ta kuma lura da idon Huseina, yadda yake satar zuwa ƙirjinta ya koma da sauri.

Ana haka aka aiko daga cikin gari, wata mata ta kwana biyu tana naƙuda. Dole Zinariya ta tafi. Ta gwada kwantar da jaririyar kusa da murhu cikin auduga da tsummoki, kafin ta gama ɗaure ƙunshinta ta taɓa 'yan ƙafafun ta ji sun fara sanyi. Ta mayar da ita ƙirji da sauri. Dada tari gare ta, ba za a ɗora mata ba. Sauran matan ga tatsar shanu ga tallan nono. Ƙirji ɗaya ne ya rage, kuma shi ne mai abincin. Ta san in ta yi tsawa Huseina za ta karɓa, amma da wata suruka ta yi sallama za ta sauke ta a tabarma, kuma saukewa ɗaya ta isa.

Ta fito tsakiyar ruga, yayyafi na sauka, ta ɗaga murya yadda har Jibo zai ji daga wajen maruƙa.

"Ke Dada, baiwar kakana, fito mu yi magana!"

Dada ta leƙo tana tari. "Ji Babarbariya. Yaushe baiwa ta fara kiran uwar ɗakinta?"

"Tun zamanin kakanni, abin da Bafillace ya mallaka na wa ne?"

"Na Allah."

"Bayan Allah fa?"

Mata suka fara firfitowa suna dariya, don sun san wasan.

"To yau na zo ɗaukar rabona. Nagge ba na so, ci gare ta. Ɗiyar ga na ɗauka. Ni na tarbe ta, a jikina ta san ɗumi, daga yau tawa ce. Ba ta Jibo ba ce, ba ta matarsa ba ce. Kun ji ko ba ku ji ba?"

Dariyar ta tsaya. Dada ta daɗe tana kallon Zinariya, ta kalli ɗan tudun da ke ƙirjinta, ta kalli ƙofar bukkar da Huseina ke ciki. Ita ma ta taɓa yin haihuwar fari.

"To ɗauki abarki ki tafi mana," in ji ta a hankali. "Mi kike jira?"

"Cikin ruwan ga? Ajiya zan bari. Kuma ba na ba tsohuwa mai tari. Waccan da ke kwance ba aikin fari ba na baƙi, ita zan ɗora wa. Amma faɗa mini tukuna, a fulakonku, wanda aka ba ajiya, riƙewa ce abin kunya ko yarwa?"

"Yarwa," in ji Dada. Ta matsa bakin bukka ta ɗaga murya. "Ke yarinya, kin ji da kunnenki. Kayan Babarbariya ne. Ko wa ya shigo kar ki sauke, kar ki ja mana abin faɗa a kasuwa."

Zinariya ta shiga. Huseina ta tashi zaune. Zinariya ta kwance mata zane, ta ɗora 'yar tsakanin nonuwanta, ta juya ɗan kan gefe don hanci ya sami iska, ta ɗaure da majanyi. Jaririyar ta motsa, ta buɗe 'yan yatsu a kan fatar uwar. Huseina ta sunkuya ta dube ta sosai, karon farko, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Inna," ta ce da raɗa, "in ta yi shiru fa?"

"Za ki ji kafin kowa, tunda a jikinki take. Ki murza bayanta, ki yi mata magana. A jingine za ki riƙa barci. Da ta motsa baki ki ɗiga mata, kar ki jira kuka."

"Mi zan ce mata?"

"Abin da ake ce wa ɗiyar mutane. Ki yabe ta."

Daga ranar zancen ya zauna a ruga. Mace za ta leƙo ta ce, "Ya kayan Babarbariya?" Huseina ta buɗe bakin zane ta nuna, ta ce, "Ga su nan, sun sha." Har Jibo ya sami ƙofa, yakan tsaya daga waje ya tambayi lafiyar ajiyar Inna, wai kar a zo a ci su tara. Sau biyu numfashin yarinyar na tsayawa, sau biyu Huseina na murza ta tana kiran "'yar Inna, 'yar Inna" har ta ja iska. Ranar suna aka raɗa mata Lauratu, ba a fito da ita ba, wanzami ma aka ce ya dawo wani lokaci. Zinariya ta karɓi kan rago tana cewa wannan ai ragon ɗiyarta ne, alfarma ta yi da ta bar musu sauran.

Nono ya dawo har yana jiƙa zane. Wata safiya Zinariya ta iso ta tarar an ajiye ludayi da auduga gefe, yarinya ta kama da kanta, ana jin 'yar ƙarar haɗiya. Ta zauna a bakin ƙofa ta yi hamdala, ta ce a ba ta fura, yau da nono mai kauri, ba irin tsala-tsalan da suke sayar wa Hausawa ba.

Da kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, Lauratu ta yi kumatu, ta koma goyon baya kamar kowane yaro. Ran nan Zinariya ta zo da sabon majanyi a kafaɗa, ta tsaya tsakiyar ruga.

"To Fulani, Allah ya saka da alheri. Na zo ɗaukar kayana."

Dada ta kalli surukarta tana danne dariya. Huseina na durƙushe tana wanke ƙwarya. Ta kai hannu baya ta dafe goyon, a gaban uwar mijinta da kowa, ba ta ɗago kai ba.

"Inna, ba ta yi ƙwari ba tukuna."

"Wannan mai wuya kamar tulu? To yaushe za ta yi?"

"In ta yi zan aiko."

Zinariya ta ƙara shekaru tana karɓar baƙi a Dabawa da rugagen kewaye, har idonta ya raunana, ta rasu ana cikin yaƙin basasa. Duk tsawon lokacin nan, in suka haɗu a kasuwar Dutsin-Ma sai ta tare hanya ta tambayi kayanta, Lauratu na tsaye riƙe da gefen zanen uwarta, ta kai mata ƙugu. Huseina takan sauke ƙwaryar nono, ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce a ƙara mata haƙuri, har yanzu da sauran ƙwari.