Shekarar da Jingarmu ta Fashe

Ko da tsufa zai sa in manta sunayen jikokina, ba zan manta da shekarar da jingarmu ta fashe ba. Ƙauyenmu yana wajen Guri, kuma jingar nan ce ke tare ruwan kogi daga shinkafarmu. Ruwa yana ta ƙaruwa, jingar ta fara yoyo, mu kaɗai ba za mu iya toshe ta ba, sai in hakimi ya sa ƙauyukan kusa sun kawo gayya.

Hakiminmu kuwa a birnin Haɗeja yake zaune, kamar sauran hakimai. Sarki ba ya son su yi nisa da idonsa, kada wani ya yi ƙarfi ya ɗaga kai. Inda suke kuma, can alƙali yake, can magina da maɗinka da dukawa ke samun abinci. Mu dai jakadan hakiminmu muke gani, shi ma sai da kaka.

Ni fa bakina ne ya ja mini. Na taɓa hayewa da hakimin a kwalekwalena, ya ce mini sannu, shi ke nan na ishi gari da "mutumina ne". Da za a aike ni wajen hakimi, mai gari ya ce, "Ka bi ta hannun jakada." Na ce, "Haba Baba, ni da na san mai gidan?"

Na ari riga, na isa birni, na tarar da zaure maƙil da masu jira. Na kutsa na faɗi gaisuwa, na fara zuba bayani. Hakimi ko kallona bai yi ba. Ya juya wajen jakada ya ce, "Wannan na ina ne?"

Jakada, wanda ya sha cin tuwo a gidanmu, ya ce, "Ranka ya daɗe, ban san da zuwansa ba."

Aka yi dariya, aka janye ni waje. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Jakada ya yi fushi na tsallake shi, ya bar ni ina zarya ƙofar gidansa har ya huce. Kafin maganar ta isa kunnen hakimi, ruwa ya gama aikinsa.

Da na koma, ta kan gonakinmu na tuƙa kwalekwale, shinkafa tana goga cikinsa daga ƙasa. Mai gari yana bakin ruwa. Bai zage ni ba, cewa kawai ya yi, "Yaya mutumin naka?"

Tun ranar na gane cewa a birni ake yanke maganar ƙauye, kuma wanda zai ɗauko ta sai ya ajiye girman kansa ya bi hanyar da ake bi. Ni ban ajiye nawa ba, gari guda ya yi shekara yana cin ganyayen daji da 'ya'yan bado.