Ina Aibinsa?

Shekarun baya, ba ma da nisa ba, wani ƙaramin furoje, wato shirin taimakon manoma, ya ɗauke mu aiki a Magaria, mu haɗa wa manoma mataimaki mai basirar na'ura a cikin waya. Manomi ya yi tambaya da murya, shi kuma ya amsa. Mataimakin yana da kayan aikin da yake kira: wannan ya dubo hasashen ruwan sama, wancan ya gano cutar wake a hoto. Sai dai ba ya ganin cikinsu. Ɗan bayanin da muka rubuta a kan kowanne shi kaɗai yake karantawa, da shi yake sanin wanda zai kira da iyakar yardar da zai yi da amsarsa.

Ni ne mai rubuta bayanan. Ni kuwa Allah Ya yi ni da zaƙin baki, ko tsohuwar moto ka ba ni in yaba sai ka fasa sayarwa. A kan na ruwa na rubuta: "Yana ba da cikakken labarin damina a duk faɗin Damagaram." Na jingina da kujera ina jin kaina.

Mai tantance bayanan abokiyar aikina ce, 'yar Sassumbrum, mahaifinta dillalin shanu. Ta karanta, ta ɗago kai.

"Malam, ina aibinsa?"

Na ce wane aibi kuma?

"Baba bai taɓa miƙa igiyar bijimi ba sai ya faɗi aibinsa, yana tunkuyi ko ba ya jan amalanke. Shi wannan mataimakin mai saye ne da ba ya gani. Abin da ka gaya masa shi ke nan."

Ba ta tsaya gardama ba, ta jawo ordinatar, wato kwamfuta, ta shiga yi masa tambayoyi irin na mutanen ƙauye. Gobe akwai ruwa? Ya amsa daidai. Damina ta zauna, in shuka? Gogan naka ya kira kayan hasashen ruwa, ya ga hadari a hasashe, ya ce a shuka, babu ko ɗar. Alhali kayan nan kwanaki kaɗan yake hange, kuma bai san komai game da laimar ƙasa ba. Ni ne na gaya masa ya san damina duka, shi kuma ya yarda da ni.

Ta sa na sake rubutawa: abin da yake yi, inda ganinsa ya ƙare, da tambayar da ba za a kai masa ba. Na ce manoma za su yi mana dariya, na'ura guda tana cewa ba ta sani ba.

Ta ce, "Su yi dariyar da irin shukarsu a rumbu."

Maganar ta taɓa ni, don ina da kawu a wani ƙauye kusa da Mallawa. A daminar da ta gabata gonarsa ba ta yi ba, irin geron da ya rage masa na shuka ɗaya ne tak, in ya ƙone babu na biyu. Kuma ni da kaina na sa masa mataimakin a waya, da cika baki.

Da ruwan farko ya sauka sai ga kiransa.

"Kai ɗan nan, wannan abin naku wane irin malami ne? Na ce in shuka, wai bai sani ba. Wai in tona ƙasa in ga inda laima ta kai."

Kunya ta rufe ni. Na ce, "To Kawu, kun tona?"

"Na tona mana. Ko tsawon yatsa ba ta kai ba."

Ya dakata da shuka. Ruwa ya ɗauke ƙafa, waɗanda suka yi gaggawa suka sake shuka, shi kuwa irinsa na nan har damina ta zauna. Ba zan ce na'ura ce ta cece shi ba, hannunsa ne ya tona. Amma da bayanina na farko ne a ciki, da ba ta tura shi tonon ba. Na yi aiki da masu ilimi da yawa, ban ga wanda ya burge ni kamar abokiyar aikin nan tawa ba, wadda take auna rubutu da wanda zai cutu in rubutun ya yi ƙari.

Da kaka na je gaishe shi. Don in wanke kaina, na ce muna nan muna gyara, nan gaba kome ya tambaya zai samu amsa.

Ya ce, "Kul, kada ku taɓa shi. Duk wanda ya zo mana daga birni ya san kome. Wannan ne kaɗai ya taɓa ce mini bai sani ba. Shi ya sa ran da ya ce gobe akwai ruwa, ban tambayi kowa ba, na fito da sungumina."