Hannun Iya Sebastiana

Kullum da safe, kafin ta ɗora tukunyar masara, Iya Sebastiana Tzoc takan zauna bakin ƙofa ta kankare farcenta da 'yar wuƙa har ya kwanta da nama. Shekara arba'in tana karɓar haihuwa a ƙauyukanmu na kan dutse, ba ta taɓa fashin wannan ba.

An fi tuna ta da ranar naƙudar Eulalia, matar Anselmo masaƙi. Da hantsi faya ta fashe. Iya ta duba, sai ga igiyar cibiya ta riga jaririn leƙowa, tana harbawa a hankali. In kai ya sauko ya danne ta, shi ke nan.

"Yi goho, 'yata, ƙirji a ƙasa."

"Iya, a gaban surukata?"

"Surukarki tara ta haifa, me za ki nuna mata?"

Iya ta sa hannu ta tura kan jaririn sama, ta riƙe. A haka aka kinkime su cikin bargo zuwa bayan a-kori-kura, tafiyar awa biyu kan gargada. Tun a gangaren farko hannun ya mutu mata. Ba ta gaya wa kowa ba.

A ƙofar asibitin birni wata nas ta tare su. Ta dubi saƙaƙƙen zanen Iya da taɓon ƙafarta, ta yatsine fuska.

"Kaka, fitar da hannun nan. Wa ya san abin da ya taɓa? Irinku a waje suke jira."

"In na fitar, yarinya, za ki sa naki?"

Nas ta kalli farar safar hannunta.

Likita ne ya leƙo ya ce a ɗora Eulalia kan gado a turo har da tsohuwar. Sai da aka yanka cikin aka ciro jaririya tana tsala kuka, sannan Iya ta zare hannu. Ba wanda ya nuna mata famfo. Mai shara dai ya bi sawunta da tsumma.

Iya ta nemi mabiyiya, don a wurinmu gindin murhun gida ake binne ta, yaro ya san inda zai komo. Nas ta nuna mata wani bokiti da leɓe. Auduga ce a ciki, da ɓawon ayaba, da mabiyiyar mata uku a cakuɗe.

"Zaɓi taki, Kaka."

Iya ta daɗe tana kallon bokitin. Ta goge hannu a zanenta, ta fita.

Duk da haka, da suka koma ta haƙa ramin a gindin murhun Anselmo. Ta ɗora masa falalen dutse, ta ce kada a cike, za ta yi tunanin abin da ya dace a sa. Damina na kamawa Iya ta rasu. Yarinyar yanzu har tana kai niƙa, ramin kuwa yana nan ƙarƙashin dutsen, ba komai a ciki.