Yatsan Malam a Rumfar Kebbe

Da na ɓoye katin zaɓen nan a ƙarƙashin randa kamar yadda zuciyata ta raya mini, da Malam yana nan da rai? Ko kuwa da ya tafi lahira da gabar ƙanensa a wuya? Har yau ban san amsa ba. Sunana Hajo. Ban yi karatu ba, 'yata Rabi ce ke rubutawa, ni ina faɗa ina share hawaye.

A Tambuwal muke zaune, amma a Kebbe, garin su Malam mijina, muka yi rajista, don haka can kaɗai za mu iya jefa ƙuri'a. A can kuma ƙanensa Bello yake, wakilin jam'iyyar da ke mulki a lokacin. Shekara huɗu ba sa ga maciji, tun da suka yi cacar baki a zaɓen baya. Malam yana fama da tari, amma ya ce sai ya je. Na yarda ne ba don ƙuri'a ba, sai don ko Allah zai sa su gaisa.

Juma'a

Mun fita bayan sallar asuba, domin an ce ranar zaɓe ba mota a hanya. A tasha muka sha kunu da ƙosai. Motar Kebbe ba ta cika ba sai da hantsi ya dubi ludayi, kowa ɗari biyar. Wani Ibo mai shagon magani a Kebbe shi ya kama gidan gaba, da ya ji tarin Malam sai ya sauko.

"Baba, shiga nan, baya akwai girgiza."

Direba ya ce, "Oga, kai ba ka gudu gida ba? 'Yan uwanka duk sun tsere."

Ya ce, "In gudu ina? Nan aka haifi 'ya'yana. Katina ma na Kebbe ne."

Mota ta kaure da dariya, wani ya miƙa masa goro. A shingen 'yan sanda aka duba mu. Da Malam ya ɗaga katinsa, ɗan sandan ya sara masa, ya ce, "Baba, ku zaɓa mana na kirki." Hanyar ramuka ce zalla, ga zafin bazara. Sau biyu muka tsaya Malam ya sha iska. Ana kiran sallar Juma'a muka shiga Kebbe.

Gidan ƙanwata Kulu muka sauka. Ɗan gari ya zo garinsu ya sauka gidan surukai, ga gidan ubansa yana hango rufinsa! Kunya ta hana ni cin tuwon dawar da aka kawo.

Asabar

Tun da safe muka kama layi a filin makaranta, maza daban mata daban. Ban taɓa ganin taro irin wannan ba. Masu shanu sun fito daga ruga da sandunansu, manoma sun zo da buta da tabarma, wata mata tana zagayawa da fura tana ba kowa ba ta tambayar jam'iyya. An ce na'urar tantancewa ba ta son lalle, don haka wata guda ban ƙunsa ba, ni da ban taɓa yin sati hannuna fari ba. Na ɗora yatsa, nan take ta karɓa.

Na koma gefe ina kallon layin maza. Malam ya ɗora babban yatsansa, shiru. Ya sake, shiru. Shekara sittin yana riƙe da hauya, zanen yatsan ya shafe, sai kanta. Malamin zaɓe ya ce ya koma gefe. Na ga kafaɗun Malam sun sauka. Bello yana zaune a bencin wakilai, bai fi taku biyar ba, yana kallon ƙasa.

Na ratsa maza na je kansa. Tsakanin mace da ƙanen mijinta akwai wasa, ita ce kaɗai ƙofar da ta rage mini.

Na ce, "Kai raggon miji, kana kallo a kori yayanka?"

Ya ce, "Tsohuwa, mi ya kawo ki layin maza? Ai kin san ba mu za shi zaɓa ba."

Na ce, "Na sani. Nonon da kunka sha kuma wace jam'iyya ta?"

Ya tashi, ya karɓi buta da guntun sabulu a hannun mai fura, ya durƙusa gaban Malam. Ya kama yatsan ya wanke, ya goge shi da bakin rigarsa, ya hura masa iska kamar mai hura wuta. 'Yan jam'iyyarsa suna cewa, "Bello, ƙuri'ar adawa kake wa wanka!" Ya ce, "Yatsan da ya noma abin da na ci ne." Da hannunsa ya ɗora shi kan na'ura. Ta karɓa. Filin ya ɗauki kabbara, har da Ibon nan yana tafi. Bayan azahar Malam ya dangwala, tawada ta hau masa farce. Ran nan a gidan ubansa muka kwana.

Talata

Mun zauna jiran sakamako. Bayan la'asar, su biyu suna kan tabarma ɗaya a zaure da rediyo a tsakiya, aka ce shugaban da ke kan mulki ya kira abokin takararsa ya taya shi murna. Ba mu taɓa jin haka a ƙasar nan ba. Na tsorata kada Bello ya ɓata rai. Sai ya ce, "Yaya, kun kayar da mu." Malam ya ce, "Naku ya yi halin manya. Wanda ya saki mulki don kada jini ya zuba, ai shi ma ya ci." Gari ya cika da guɗa, ba wanda aka jefa da dutse.

Laraba

Bello ya sa 'yan kabu-kabu biyu suka kai mu tasha, ya yi alkawarin zai biyo mu bayan sati. Da azahar muka iso Tambuwal. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Kulu, da direban da ya bi ramuka a hankali, da mai maganin da ban ma tambayi sunansa ba.

Amma hanya ta karya Malam. Tari ya ƙaru, ya kwanta bai sake tashi ba. Kwana shida bayan dawowarmu, da hantsi, ina ba shi kunu, ya kama hannuna ya juya shi yana kallo. Tawadar tana nan a farcensa. Kafin azahar Allah ya karɓi abinsa, Bello kuwa aka aika masa, ya iso a ranar da la'asar, shi ya yi masa wanka. Tun ranar ban sake sa lalle ba, ko da na fita takaba, alhali abin da ya roƙe ni ke nan. Ga abin da ya ce mini:

"Hajo, zaɓe ya wuce. Bello na tafe gobe. Ki ƙunsa lalle, kada ya ce na bar mishi mata ba ado."