Minti Goma Sha Ɗaya a Bakin Allo

Kwana goma sha tara ke nan Inna ba ta amsa gaisuwar babban ɗanta ba. Kullum da safe kafin ya fita aiki yakan durƙusa a ƙofar ɗakinta, da gwiwar nan tasa mai ƙara in an lanƙwasa ta, ya ce, "Inna, ina kwana?" Ita kuwa sai ta ci gaba da ninke kayanta kamar iska ce ta kaɗa labule. Tana amsa wa matarsa, tana amsa wa jikoki, har mai gyaran famfo ta tambaye shi iyali. Shi kaɗai ta ware. Mutum mai shekara hamsin da huɗu, da furfura a gemu, ya miƙe ya karkaɗe wando ya fita, alhali babu abin da yake nema a duniya kamar kalma ɗaya daga bakin tsohuwar nan.

Laifinsa a wurinta shi ne gobara ta rutsa da ƙaninsa, shi kuma yana tsaye a waje da alli a hannu.

A tashar 'yan kwana-kwana ta tsakiyar gari Mai Allo ake ce masa, har sababbin ma'aikata sukan yi wata shida ba su san sunansa na yanka ba. Tashar ta girme shi nesa ba kusa ba. A barandar ofis akwai tsohon hoto na farkonta: rumfa ɗaya, amalanke, bokiti goma sha biyu, da ƙararrawa rataye a jikin itace. Yau motoci huɗu ne, ko da yake ta huɗun sai an lallashe ta da turi take tashi. A bangon da ke fuskantar ƙofa an rubuta da jan fenti, "Rai tukuna, dukiya daga baya." Kuma aikin ya wuce wuta. Su ne masu ciro wanda ya faɗa rijiya, su yanka ƙarfe su zaro direba daga motar da ta murƙushe, su shiga ruwa har wuya ranar ambaliya. Su bi shaguna suna duba wayoyin lantarki ana harararsu, su je makarantu su koya wa yara abin da ake yi in tukunyar gas ta kama. An taɓa kawo musu wani attajiri da zobe ya maƙale masa a yatsa, yana gumi yana roƙon a yi a hankali da zoben. Duk da haka, in ka tambayi mutanen gari, abu ɗaya suka sani game da su: "Ai kullum a makare suke zuwa." Masu faɗin haka kuwa su ne ba sa kauce wa jiniya a kan titi.

Shi allon yana da nasa tarihin, kuma ba mai daɗi ba ne. Tun kafin a haifi Mai Allo aka yi gobara a wata ma'ajiyar auduga. Aka kashe wuta, aka naɗe tiyo, aka koma tasha, kowa na zaton kowa ya fito. Sai da aka zauna cin abinci aka ga kwano ɗaya babu mai shi. Washegari shugaban tashar na lokacin ya ɓalle murfin kabad ɗin ofishinsa, ya jera ƙusoshi a jiki, ya sa aka buga wa kowane ma'aikaci lambar tagulla. Daga ranar doka ta kafu. Duk wanda zai shiga hayaƙi sai ya miƙa lambarsa ga mai allo, a rataye ta, a rubuta lokacin da ya shiga da lokacin da iskar tukunyar da ya goya za ta ƙare. Rabin sa'a ce, in mutum bai cika haki ba. A cikin hayaƙi ba ka ganin tafin hannunka, balle agogo, don haka mai allo ne ke kiran kowa ta rediyon oba-oba ya fito tun da sauran numfashi. Dokar tana da jela guda: mai allo ba ya barin allo, ko sama za ta faɗo.

Ba da allo ya fara ba. Yana da shekara ashirin da biyu ya shiga aikin, ya yi sha biyu a kan tiyo, shi ne na gaba in za a fasa ƙofa. Wata rana matakalar wani bene ta rufta da shi, gwiwar dama ta tashi aiki. Da aka miƙa masa alli ya ɗauka cin fuska ne, ya yi shekara guda yana cika yana batsewa. Abokan aiki ba su raga masa ba. "Malam, yau za a ba mu jarrabawa?" in ji su, in sun zo miƙa lamba. Shi kuma ya ce, "Kai dai da ka faɗi tun a gida, wuce." A hankali ya gane cewa mutum takwas na iya shiga wuta da ƙarfinsu, amma da agogonsa suke fitowa. Shekara ashirin ya yi a wurin, bai taɓa komawa tasha da lambar da babu mai karɓa ba.

Auta, ƙaninsa, shi ne na ƙarshe a ɗakinsu, shekara goma sha shida tsakaninsu. Tun yana ƙarami yake sa takalman aikin yayansa yana jan su a tsakar gida. Da ya ce shi ma kwana-kwana zai shiga, Inna ta ce atafau ba ta san zancen ba, ɗaya ma da ta bayar an dawo mata da shi yana ɗingishi. Mai Allo ne ya shawo kanta. "Inna, ai ina wurin," ya ce. "Idona na kansa." Wannan maganar ce ta riƙe, don tsofaffi ba sa mance alkawarin da aka yi musu a kan 'ya'yansu.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, a wani kamfanin katifu mai hawa biyu. Soso in ya kama, hayaƙinsa baƙi ne wuluk, mai guba. Aka ce akwai leburori a sama. Mutum takwas suka shiga, bibbiyu, kowane biyu da nasu lokacin. Auta ya shiga da wani da ake kira Dogo. Ya miƙa lambarsa yana gyara takunkumi, ya ce, "Yaya, ka rubuta da kyau, rubutunka sai kai." Mai Allo ya ce, "Wuce, sarkin surutu."

Minti ashirin da ɗaya da shigarsu, aka ji wani rugugi daga ciki, ƙura ta feso ta tagogi. Sai ga Dogo ya fito shi kaɗai yana rarrafe, ya fizge takunkuminsa. "Auta! Kantar ƙarfe ta danne shi, na ja na ja na kasa!"

Mai Allo ya dubi allo. Saura minti tara iskar ƙaninsa ta ƙare. Ya kira mutum biyu na ko-ta-kwana, ya karɓi lambobinsu, ya rubuta lokaci, ya gaya musu inda Dogo ya ce, suka shiga. Kwamanda yana can bayan ginin wajen tsani. A ciki akwai sauran mutum shida a wuri uku, biyu daga cikinsu saura minti shida a kira su, kuma babu wanda ya san haka sai shi. A gefen ƙafarsa kuwa ga tukunyar iska cike, ta ajiya, da takunkuminta. Ya san yadda ake goya ta ido rufe.

Direban da ke kula da injin ruwa ya ƙwala masa kira, "Kawo allon nan in riƙe maka, ɗan'uwanka ne fa!"

"In ka riƙe allo wa zai riƙe ruwa?" in ji shi. "Tsaya a wurinka."

Ya tsaya a nasa. Da lokaci ya yi ya kira biyun farko, muryarsa ko rawa ba ta yi ba, suka fito da lebura ɗaya a kafaɗa. Ya kira na biyu, suka ce sun ɓace hanya, ya bi da su ta oba-oba, bango a hannun hagu, tiyo a ƙarƙashin ƙafa, har suka ga haske. Ana cikin haka minti taran Auta suka cika. Ya ga allurar agogo ta wuce, ya san abin da ƙaninsa ke shaƙa yanzu, ya ɗaga oba-oba ya kira biyu na uku. A minti na goma sha ɗaya da fitowar Dogo aka fito da Auta, jiki sake, leɓɓa sun yi baƙi. Motar asibiti ta tafi da shi, Mai Allo bai bi ta ba sai da ƙusa ta ƙarshe ta zama fanko.

Auta bai mutu ba, amma hayaƙi ya ƙona masa huhu. Aka zura masa roba a maƙogwaro, ba magana, likita ya ce ko ya tashi ya gama aikin wuta. Da a nan abin ya tsaya, da Inna ta yi kukanta ta gode wa Allah. Sai dai cikin 'yan kallo wani ya ɗauki bidiyo da waya, irin mutanen nan da ko guga ba su taɓa miƙawa ba amma hannunsu ba ya gajiya da ɗaga waya. Wata maƙwabciya, don tsabar son a ce ita ta fara, ta kawo wa tsohuwa har ɗaki. Ga Dogo yana ihu, ga mutane suna gudu, ga babban ɗanta a tsaye ƙiƙam yana rubutu. Har muryar wani ta fito yana cewa, "Wai ƙaninsa ne a ciki. Wannan wace irin zuciya ce?"

Bai kare kansa ba. Matarsa ta ce, "Ka yi mata bayani mana." Ya ce, "In ce mata me? Abin da ta gani haka aka yi." Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, shi ma bai gama yafe wa kansa ba. Ya san da ya shiga da wannan gwiwa da an fito da mutum biyu a kwance maimakon ɗaya. Sanin bai hana shi jin ciwon ba.

Inna kullum tana asibiti, a kan benci, bakin ɗakin da Auta yake. Ran kwana na goma sha tara wata tsohuwa da ta zo dubiya ta zauna kusa da ita. "Ke ce mahaifiyar Mai Allo? Allah ya yi masa albarka. Ɗana yana cikin ma'aikatan da suka ɓace hanya a gobarar." Washegari Inna ta yafa mayafi ta ce wa surukarta, "Kai ni inda mijinki yake aiki."

Da azahar suka iso. Yana zaune a rumfar motoci yana goge lambobi da tsumma. Da ya gan ta ya zabura har gwiwar ta kusa kayar da shi. Ma'aikata suka gaishe ta, suka sulale ɗaya bayan ɗaya.

Ba ta dube shi ba, allon ta duba. Katako ne kawai, ya sha hannu har ya yi sulɓi. "Wannan ne?" ta ce. Maganarta ta farko ke nan gare shi cikin kwana ashirin.

"Shi ne, Inna."

"Ina nasa?"

Ya nuna mata ƙusa ta uku. Ta sa yatsa ta taɓa. "Sauran fa, su nawa ne a ciki?"

"Shida. Da biyun da na tura, takwas."

"Duk kai kake riƙe da su?"

"Ni ne."

Ta bi ƙusoshin da ido, leɓɓanta na motsi, tana ƙirgawa. "Da ni ce," ta ce, "da na shiga."

"Na sani, Inna. Shi ya sa ba a ba uwaye allon."

Ta harare shi, irin hararar da ya sani tun yana yaro. "Har yanzu bakinka bai mutu ba." Ta gyara mayafi. "Tsawon wane lokaci ka yi a tsaye?"

"Minti goma sha ɗaya."

"A hoton nan ko hawaye ban ga ka yi ba. Shi ne abin da ya tsaya mini a rai. Ɗan'uwanka, ciki ɗaya."

Ya sunkuyar da kai yana murza tsumman da ke hannunsa. "Ba a kuka a bakin allo, Inna. In ido ya cika, ba ya ganin agogo."

Tsohuwa ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta miƙa hannu ta kama wuyan hannunsa na hagu, ta lalubi maɗaurin agogon, ta kwance shi, ta miƙa wa surukarta.

"To, na cire," ta ce.

Ya durƙushe a kan simintin rumfar, tsakanin tayar mota da naɗaɗɗen tiyo, ya kifa fuska a gefen zanenta, kafaɗunsa na girgiza. Wani ma'aikaci da ya leƙo daga ofis ya koma da baya ya ja ƙofa. Inna ta ɗora hannu a kan furfurarsa, ta bar shi ya yi mai isarsa.